Soron Da Ba A Hawa

Ait Ammur, ta hannun mai shagon shayi a Azru
Nuwamba, 1988

Zuwa ga ƙanena Bassu ɗan Itto,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata sanyin Faransa bai daskarar da kai ba. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Maigidana Muha yana gaishe ka. Tumaki sun sauko daga dutse, dusar ƙanƙara kuma ta yi mana sammako bana, ko tuffa ba mu gama kwashewa ba ta fara zuba.

To, maganar mahaifiyarka, Inna Itto. Jikin nata babu daɗi. Kullum da ciwon kai take tashi, ga jiri, ga tashin zuciya. In na fito da ita bakin ƙofa ta sha hantsi sai ka ga ta warware, har ta samu bakin yi mini faɗa a kan gishirin miya. Washegari kuma a koma gidan jiya. Na kai ta wurin likita ranar kasuwa, ya ba ta ƙwayoyi, tana sha, amma shiru kake ji.

Burushin sharar bututun hayaƙi da ka aiko ya iso, da sandunansa da ake ɗaurawa baki da baki. Sannu da ƙoƙari. Sai dai ban ga aikin da ya yi ba. Muha ya cire murhu, ya zura burushin ta ramin bututun na ƙasa, ya yi ta turawa yana ja har gumi ya karyo masa. Ɗan garin baƙi ne ya zubo, ko tafin hannu bai cika ba. Gashin robar nan duk ya kwanta kamar kan da ya sha mai. Hayaƙi kuwa yana nan yana dawowa ɗaki yadda ya saba.

Da can da muke da bututun gwangwani, kwance shi muke yi mu fitar waje mu bubbuga da sanda, shi ke nan an gama. Kai ne ka aiko da zane ka ce a gina wa Inna gida irin na can, mai bututun hayaƙi a cikin bango. Ga shi an gina, kai ba ka taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, mu kuma ba mu san kansa ba.

'Yar'uwarka Hadda ta zo daga Maknas ta kwana biyu. Na kawo wa Inna miyar wake da man zaitun, sai Hadda ta karɓi kwanon ta kai hanci ta shinshina, ta ajiye a gefe, ta ce ita za ta dafa wata. Na faɗa maka ne don kada ka ji a bakin wani.

Inna ta ce in tambaye ka, yaushe?

Yayarka,
Rabha

Shamberi, Faransa
Disamba, 1988

Zuwa ga Yaya Rabha,

Na amsa sallama, ina gaishe ki da Muha da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki sumbaci kanta a madadina. Ni lafiya lau, aiki ne dai ya yi yawa, don yanzu ne lokacin da kowa ke neman mai sharar bututu. Daga wannan rufi zuwa wancan nake wuni. Tambayar Inna kuwa kin san amsarta. Ba ni da takardun zama. Ranar da na fita daga ƙasar nan ƙofa ta rufe ke nan, ba dawowa.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Akwai abin da ban gane ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Burushin nan da shi nake cin abinci, na san abin da yake fitarwa. Bututun da ya shekara da shekaru ba a share ba, a ce ɗan tafin hannu ya zubo? Ko dai ba a zura shi yadda ya kamata ba, ko kuwa abin da ke ciki ya fi ƙarfinsa.

Ki zura hannu ta ramin ki shafa bangon ciki, ki gaya mini abin da kika ji. Kunkunniya iri-iri ce. Akwai mai laushi kamar gari, ita ce burushin roba ke ɗauka. Akwai mai ɓamɓarowa kamar ƙanzon tukunya, wannan sai burushin waya. Akwai kuma wadda ta narke ta daskare, baƙa wuluk tana ƙyalli kamar kwalta. Ɗanyen itace ne ke kawo ta, ko bututun da ba ya jan iska. Ita ce muguwar. Ga burushin waya nan na aiko, mai kusurwa huɗu daidai da ramin, kada a ce bai shiga ba. Amma ta sama ake sharar bututu, Yaya. A hau soro a zuro ƙasa. Me ya hana Muha hawa?

Sai magana ta biyu. Hadda ta rubuto mini. Ba ta kama sunan kowa ba. Ta dai ce tun da Inna ta daina girki da hannunta ciwon nan ya fara, kuma a kwanakin da ita ta karɓi tukunya Inna ta ji sauƙi. Ta ce Muha ya tambaye ta ko za mu bar masa lambun tuffan da ke bayan gida, tunda ya yi iyaka da naku. Ban ce na yarda da komai ba. Zato zunubi ne, na sani. Amma ina nesa, uwata tana hannunku, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ki ba ni amsa dalla-dalla.

Ƙanenki,
Bassu

Ait Ammur
Ƙarshen Disamba

Bassu,

Na amsa gaisuwarka don gaisuwa ta Allah ce. Muna lafiya. Inna tana nan yadda take, har ma abin ya ɗan ƙaru.

Dalla-dalla ka ce? To, ga dalla-dalla. Ni Rabha, da na goya ka a bayan nan kana tsula mini fitsari muna bin tumaki, yau ni ake zargi da yi wa uwarka barbaɗe a miya. Tir! Wallahi da na karanta wasiƙarka sai da na zauna a bakin turke na yi kuka, shanu suna kallona. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito. Ni ke share mata ɗaki, ni ke yanke mata farce, ni ke wanke mata kai. Hadda kuwa ta zo da takalmin birni ta kwana biyu, ta buɗe tagogi duka wai ɗakin yana warin ƙauye, ta tafi ta bar mu da mura. Ita ce mai ƙaunar Inna, ni ce mayya. Madalla.

Maganar lambu, Muha ya tambaya, ba ƙarya ba ne. Ya ga tuffa tana ruɓewa a ƙasa ba mai tsinka. Na ce masa daga yau ko ganye ya faɗo ta gefenmu ya mayar muku da abinku.

Yanzu kwano ɗaya nake ci da Inna, a gaban duk wanda ya shigo. Loma ta farko tawa ce. Can nake wuni a ɗakinta ina saƙa, kada a ce na ajiye na gudu. Ga shi ni ma na fara tashi da ciwon kai. Sai ka gaya wa Hadda na fara yi wa kaina barbaɗe.

Na zura hannu yadda ka ce. Ba gari ba ne, ba ƙanzo ba ne. Sumul yake, da santsi, ƙusa ma da ƙyar take karce shi. Na haska da fitila, yana ƙyalli kamar hanyar mota da rana. Ramin ya tsuke, hannuna da ƙyar ya wuce. Burushin wayarka ya shiga, ya yi ta ƙara yana zamewa a kai, bai ɓamɓaro komai ba. Da aka tura shi sama sosai sai ya cije, da ƙyar Muha ya fizgo shi. Itace kuwa ɗanye ne, ba na musu. Busasshen ya ƙare, abin da ake sarowa daga daji shi muke hurawa, mu da kowa a garin nan.

Muha ya ce a yi masa irin na mutanen da: a jiƙa tsumma da kananzir a cinna a cikin ramin, wuta ta cinye dattin da kanta. Ya ce in an yi Juma'a mai rana zai gwada.

Soro kuwa ba ya hawuwa yanzu. Ƙanƙara ta rufe shi, gwiwar Muha kuma tana damunsa. Ka bar maganar soro.

Rabha

Shamberi
Janairu, 1989

Yaya Rabha,

Gaisuwa a taƙaice, don a tsaye nake rubutun nan. Allah ya sa kuna lafiya.

Kada Muha ya cinna wuta a bututun nan! Na roƙe ku don girman Allah. Abin da kika shafa ɗin nan ba datti ba ne, makamashi ne. In ya kama, ruri yake yi kamar jirgi, bango ya tsage, rufi ya ci. Na ga gidan da ya ƙone haka a nan, mai gidan ya fito daga shi sai rigar barci. Tsumma da kananzir na bututun gwangwani ne da ake fitarwa tsakar gida. In wasiƙar nan ta makara, ban san abin da zan ce wa Allah ba.

Kin ce ke ma kanki ya fara ciwo tun da kike wuni a ɗakin. Kin ce Hadda ta buɗe tagogi. Na karanta wurin nan har na haddace. Ba miya ba ce, Yaya, hayaƙi ne. Akwai wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, shi ke kwantar da mutum ya wuce a cikin barci. Ki yafe mini wannan. Ki bar taga a buɗe ko sanyi zai kashe ku, ko ki mayar da Inna gidanku.

Amma na wanke ki a miya, ban wanke ki a soro ba. Muhan da ke hawa hasumiyar masallaci ya shafa mata farar ƙasa kowace shekara, shi ne gwiwa ta hana shi hawa bene ɗaya? Ƙanƙara ba a sharewa da shebur? Tun Disamba nake cewa a hau, kina kewaye-kewaye. Burushi ya cije a sama, me ya cije shi? Akwai lauje cikin naɗi. Ko magina sun ha'ince ni a ginin kuna rufa musu asiri, ko kun ajiye wani abu a saman gidana da ba ku so in sani. Me ke kan soron nan?

Ga abu na uku na aiko, kuma daga shi babu wani. Ba burushi ba ne, dunƙulen ƙarfe ne mai guntayen sarƙoƙi a jiki. Ana ɗaura shi a igiya, a sake shi daga sama, a yi ta ja ana saki yana dukan bango har kwaltar ta farfashe. Bayansa sai a bi da burushin waya. Ba ya aiki ta ƙasa. In ba a hau ba kafin watan nan ya ƙare, zan sa Hadda ta zo da mota ta ɗauke Inna, a sa wa gidan kwaɗo.

Bassu

Ait Ammur
Ƙarshen Fabrairu

Ƙanena Bassu,

Sallama. Na san ka ƙosa, na ga ɗan katin da ka sake aikowa mai layi biyu kamar sammaci. Hanyar Azru ce ta toshe da ƙanƙara, sannan ni ma ban san ta inda zan fara ba. Inna tana da rai. Ka fara ajiye wannan a zuciyarka, sannan ka karanta saura.

Wasiƙarka ta riga Juma'a mai rana zuwa, ba a cinna komai ba. Na ce wa Inna ta dawo gidanmu, ta ce gawarta ce kawai za ta bar gidan da ɗanta ya gina. In na buɗe taga, da na juya baya ta rufe.

Ka tambayi abin da ke kan soro. Sheƙar shamuwa ce. A bakin bututun take, daram, ta fi faifai goma faɗi. Shekarar da aka gama ginin, shamuwa ta zo ta zaɓi wurin, gari duka aka zo yi wa Inna barka, don ka san gidan da shamuwa ta sauka ya samu albarka, kuma ba mai taɓa sheƙarta sai wanda ya gaji da zaman lafiya. Da farko hayaƙi yana fita ta gefe. Kowace shekara tsuntsayen suna ƙara ƙirare da laka da tsumma, har bana bakin ya kusa rufewa ruf. Hadda ta sani. Muha ya sani. Liman ma ya sani.

Inna ce ta sa ni na dafa Alƙur'ani kada in gaya maka. Ta ce, "Bassu ya zama Bature, cewa zai yi a rushe." Na ce, "Inna, sheƙa ce fa, itace ne da laka." Ta ce, "Rufe mini baki, 'yar nan. Tsuntsun nan yana tafiya ƙasar da ba mu sani ba, ya dawo ya tarar da ɗakinsa. Muddin yana dawowa, nawa ma zai dawo. Ranar da aka taɓa sheƙar nan, a can za a binne mini ɗa." Ka ji abin da take shaƙar hayaƙi a kansa. Tana sane sarai cewa bututun ne ke sa ta ciwo, ba yau ta gane ba. Har da aka ce ni ke zuba mata magani, tana ji ta yi shiru. Wannan ya ci mini rai fiye da maganar Hadda.

Ranar wata Laraba da hantsi na dawo daga ɗiban ruwa, na tarar da ita kife kusa da murhu, carbi a hannu, leɓɓanta sun canza. Na ja ta waje na kwantar a kan ƙanƙara, ina murza ta ina salati, har ta yi amai ta buɗe ido. Nan na ce rantsuwa ta ci kanta, in yi kaffara.

Na ce wa Muha ya ɗauko tsani. Ya ce, "Rabha, ki ce in shiga rijiya in shiga, amma ban da sheƙar shamuwa." Na bi maƙwabta, kowa ya sunkuyar da kai. Ƙattin banza masu gashin baki! Na ɗaure zanena na hau da kaina, da fartanya. Sheƙar nan ta fi buhun sha'ir nauyi, a guntu-guntu na yi ta sarewa ina turowa ƙasa. Mata sun tsaya a bakin hanya suna riƙe da haɓa. Inna tana zaune a jikin bango cikin bargo, tana ɗaga murya: "Allah ya isa, Rabha! Kin kashe mini ɗa! Allah ya isa!" Ina sara ina kuka.

Sarƙarka ta yi aiki, ban rage mata ba. Na yi ta ja ina saki, kwalta tana zubowa kamar fasasshen gilashi, Muha yana kwashewa ta ƙasa da bokiti, wannan kam ya yarda ya yi. Na bi da burushin waya. Da aka hura murhu, wuta ta miƙe tana kuka, hayaƙi ya tashi sama sak. Tun ranar kan Inna bai sake ciwo ba, nawa ma haka.

To, amma ga inda muke. Tun ranar ba ta ƙara ce mini ko ci kanki ba. In na kawo abinci sai ta juya fuska ga bango. Matar liman ce ke lallashinta ta kurɓi shayi da ɗan burodi. Makon jiya shamuwar ta iso, su biyu. Suka yi ta kewaya gidan, suka sauka a soro suka tsaya suna kallon bakin bututun, sannan suka tashi suka koma hasumiyar masallaci. Inna tana bakin ƙofa tana kallo. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ciro farin yadin da ta ajiye a akwati ta ba matar liman, ta ce a wanke a ajiye kusa. Ta rame, Bassu, wuyan hannunta kamar kara.

Ka zarge ni da miya, ka zarge ni da soro, uwarka ta yi mini Allah ya isa a gaban gari. Duk na ɗauka. Na fitar da ita daga hayaƙi, amma wannan ya fi ƙarfina. Kada ka sake aiko mini da wani burushi.

Yayarka,
Rabha

Shamberi
Maris, 1989

Zuwa ga Yaya Rabha,

Sallama da gaisuwa. Ba ni da bakin da zan ba ki haƙuri a takarda, sai na durƙusa a gabanki. Ni da nake hawa rufin mutanen da ban sani ba daga safe har yamma, ke na bari kika hau nawa da fartanya.

Na mayar wa maigidana tsaninsa da igiyarsa. Ya ce, "Ka san in ka tsallaka tekun nan ba ka dawowa?" Na ce na sani. Ya ce na haukace. Na ce uwata ta ba da likkafani wanki.

Ki je ki gaya mata yanzu, kada ki jira ta juyo da fuska, ki faɗa wa bangon ma za ta ji. Ki ce sheƙa ta faɗi kuma ɗanta bai mutu ba, yana hanya, motar kasuwar Azru za ta sauke shi. Ki ce na ce ba zan ci abincin kowa a garin nan ba sai miyar waken Rabha, kuma kwano ɗaya zan ci da Inna, don haka ta fara koyon ci tun yanzu.

Muha ya nemo mini dogon gungume mai ƙwari da tsohuwar ƙafar amalanke. Zan kafa a bayan gida kusa da lambu, mu ɗora ƙiraren da kika turo, in ba a ƙone su ba, ya zama sabon wurin sheƙa. Ko tsuntsayen su dawo ko kada su dawo, wannan nasu ne.

Ki riƙe mini ita da rai har in iso, Yaya. Wannan kaɗai na roƙe ki.

Ƙanenki,
Bassu